Dagin Kaka a Jidda

Zariya zuwa Maiduguri

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na fito zaure da akwatina, na tarar Baba ya riga ni, yana zaune a kan buzu da fitila a gabansa. Shekara biyu ke nan kafin a ba mu mulkin kai, kwana kaɗan bayan ƙaramar salla. Bai yi mini doguwar nasiha ba. Ya jawo wani tsumma daga ƙarƙashin buzun ya shimfiɗa, muka zuba masa ido kamar ba mu taɓa ganinsa ba.

Bari in gaya muku ko mene ne tsumman, don shi ya fitar da ni daga gida. Mu masu zanen riga ne. A kawo mana riga fara fat, mu zana mata adon aska da na tambari da tawada, masu allura su bi sawun alƙalaminmu da zaren tsamiya. Kowane gidan zane yana da abin da yake taƙama da shi, namu kuwa wani dagi ne na kakanmu. Layi ɗaya ne tak, yana hawa yana shiga, ya yi ta ƙulla kansa har ya dawo inda ya tashi ba a ɗaga alƙalami ba. Dokar gidan ita ce babban ɗa kaɗai ake koya wa, kuma ba a sa shi a takarda, sai dai mai koyarwa ya ɗora hannunsa a kan na mai koyo. Babban ɗan Kaka shi ne Baffa Dalhatu, wanda ya tafi hajji a ƙafa tun ban zo duniya ba, bai kuma dawo ba. Baba ƙane ne, don haka bai samu ba. Abin da ya rage mana sai wannan guntun rigar Kaka, gara ta cinye fiye da rabin dagin.

Alhazan bara ne suka kawo labari Baffa yana nan da ransa a Jidda, a wata unguwa Sharafiyya, ya tsufa tukuf, ba shi kuma da ɗa namiji.

Baba ya ce, “Iro, in ya tafi da shi, ya tafi ke nan. Ka je ka miƙa masa hannunka.”

Motar Kano ta tashi daga Tudun Wada gari bai gama wayewa ba. A akwatina akwai kilishi da dakuwa da garin kunu, sai manyan riguna biyu masu aska takwas, aikin gidanmu, waɗanda na ƙudura zan sayar wa Larabawa da tsada. A lokacin ban ga wauta a cikin wannan dabara ba. A Kano aka yi mana lamba aka duba fasfo, muka hau babbar mota mai ɗauke da buhunan goro, na zauna a kansu har Maiduguri. Ƙamshin goro ya kama jikina, har wani Babarbare a masauki ya tambaye ni nawa nake sayar da ƙwarya.

Fallomi, Abashe, El-Obaid

A Fallomi muka haye kogi a jirgin fito, jandarman Faransa suka zazzage mana kaya. Ɗayansu ya ɗaga rigata ɗaya ya shiga cikinta, ya ɓace gaba ɗaya sai hularsa, abokansa suna ta dariya. Na yi murmushin dole, zuciyata kuwa tana tafasa, don da takalmi ya taka mini gefen shafi.

Direbanmu daga nan wani Shuwa ne, Adam, mai son waƙa da ƙin birki. Na tambaye shi yaushe za mu kai Abashe.

Ya ce, “Malam, in ka ga Abashe, to mun kai.”

Gaskiyarsa. Rana muna kwance a ƙarƙashin mota, yamma mu tashi, yashi ya riƙe taya mu sauka mu tura. Muka wuce Abashe, muka shiga ƙasar Sudan ta Jinaina, inda aka sake buga mana hatimi aka sake duba lambar hannu. Abinci ya koma kisra da miyar kuɓewa busasshiya. Kisra kamar sinasir take amma ba ta da jiki, sai ka ci goma ka tashi kana neman abinci.

A El-Obaid aka sauke ni gidan wani tela, Bahaushe, wanda iyayensa suka taso daga Haɗeja za su Makka, suka tsaya neman guzuri, tsayawar ke nan. Da ya ji sana'ata ya roƙe ni in nuna masa rigunan. Ya daɗe yana shafa tambarin.

Ya ce, “Babana yana da irin wannan. Da ya rasu ba mai sawa, muka yayyanka ta muka yi wa yara riguna.”

Maganar ta tsaya mini a rai har cikin jirgin ƙasa. Wannan hanya ba mutane kaɗai take riƙewa ba, har abin da suka ɗauko. Na fara jin tsoron in isa Jidda in tarar Baffa ya manta.

Sawakin da Bahar Maliya

Jirgin ƙasa ya kai mu bakin teku. A Sawakin aka tsare mu a karantina, likita yana leƙa mana baki da ido, mu kuma muna sayen ruwan sha a gwangwani. Da aka sallame mu muka shiga jirgin ruwa. Ni da ko Kubanni, rafin garinmu, ban taɓa hayewa ba in ta kawo, ga ni a kan ruwan da ba shi da ɗaya gefen. Abin da na ci tun daga Abashe sai da na mayar wa teku. Wani tsoho mutumin Gombe ya ba ni lemun tsami in riƙa shinshina, Allah ya saka masa.

Da hantsi muka hango Jidda, dogayen gidaje farare da tagogin katako. Mutane suka ɗauki kabbara, ni ma hawaye suka zubo mini.

Jidda: Sharafiyya

Abin da na fara lura da shi a Jidda ba zafi ba ne, ko da yake akwai shi, mai ɗanko. Ƙirjin maza na duba, don mai zane ba ya kallon fuska sai ya gama da riga. Attajiri da ɗan dako, kowa da farar doguwar riga ba ɗigon zare a kai. Na tuna riguna biyu da ke akwatina, na ce Iro, ka yi kasuwa.

A masaukin alhazai na ambaci sunan Baffa, aka yi ta miƙa ni daga wannan baƙin mutum zuwa wancan, har aka haɗa ni da surukinsa, Usman. Bahaushen Sudan ne, kakkaura mai fara'a, yana tuƙa wa wani Bature mutumin Italiya mai gyaran injinan wuta. Ya rungume ni kamar ya san ni.

“Marhaba, ya Malam. Yalla, shiga mota. Tsoho zai yi farin ciki, amma kada ka tsorata in ka gan shi.”

Ban gane nufinsa ba sai da muka isa. Gidan ɗaki uku ne na bulo a wani lungu bayan shagunan masu tamis, wato burodinsu mai faɗi. A ɗakin farko Baffa yake, kwance a kan gadon igiya. Fuskar Baba ce sak, sai dai gefen bakin ya karkace. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da na ubana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fara tambaya a hankali, kalma tana jan kalma. Ina Inna Kande? Ina Malam Tanimu mai rini? Rimin ƙofar gida yana nan? Duk wanda ya ambata ya rasu, rimin kaɗai na iya ce masa yana nan.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya sake shi. Hannun ya faɗi a kan zane kamar ba nasa ba. Ɓarin jikinsa ya shanye tun damina biyu da suka wuce, alhazan da suka kawo mana labari ba su faɗi wannan ba.

Duk da haka ya ce a kawo alƙalami. Ya kama hannuna da hagunsa, muka fara. Hannun yana rawa, layin ya tafi inda ya ga dama, tawada ta ɓata allon. Ya gwada ya faɗa mini da baki, ya ce dama, ya ce hagu, ya rikice, don abin a hannu ya koye shi, ba a harshe ba. A ƙarshe ya juya fuska bango. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hantsin ba. Na keto ƙasa uku da teku, na iske dagin yana raye a cikin kan mutum, ba ƙofar fita.

'Yarsa Zainaba, matar Usman, ta kawo mini ful, wato dafaffen wake da mai, da shayi mai na'ana'a. A Jidda aka haife ta, Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Ta ce, “Yaya Iro, ci shwayya, ko kaɗan ne, ka kwanta. Gajiya ce.” Usman ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakin baya, ya shiga ɗakinsu ya ɗauko matashin kai ya jefo mini.

La'asar ta tashe ni. Na ɗaga kai, gumina ya jiƙa matashin, sai idona ya faɗa a kan abin da na kwanta a kai. Dagin Kaka ne, da shuɗin zare, cikakke, har da ɓangaren da gara ta cinye a gida. Abin da ya fara zo mini fushi ne, ba zan ɓoye ba. Zanen da ake sawa a ƙirjin manya, shi aka mayar abin tare yawun barci? Sai daga baya hankali ya zo.

Zainaba ta shigo ɗaukar kwanuka, ta ga matashin a hannuna, ta dafe ƙirji.

“Usman ne ya ba ka wannan? Ya Rabbi. Yaya, ka rufa mini asiri, Abuya, babana, bai sani ba.”

Ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni labari da ƙaramar murya. Tun tana yarinya ta roƙi ubanta ya koya mata, ya ce ba na mata ba ne, kada ta sake tambaya. Shi kansa bai taɓa zana shi a Jidda ba, ba mai so, ɗinkin hula ya koma. Da ta girma ta fara yi wa matar maigidan Usman ɗinki, wadda suke kira Sinyora. A wurinta ta ga wani littafin zane da ake bi da ƙirga. Sai ta riƙa ɗauko tsohuwar rigar da Baffa ya taho da ita daga Zariya in ya fita masallaci, tana ƙirga zaren ɗaya bayan ɗaya tana ɗigawa a takarda mai gida-gida. Yanzu matan Sharafiyya har na Bagdadiyya suna kawo mata matasai da ƙafar wando ta sa musu, da shi take sayen maganin tsohon.

Na ɗora yatsa a kan zaren na fara bi. Ya hau, ya shiga, ya zagaya, ya dawo inda na fara, amma rabin dagin yatsana bai taɓa shi ba. Na sake, haka. Layi biyu ne suka sarƙe, ba ɗaya ba.

Ta ce, “Na sani. Tsakiyar ta goge a rigar, igiyar gafaka ta cinye wurin. Cikewa na yi da ka.”

Wato ita tana da hannu da kusan dukan zanen, shi kuma yana da tsakiyar. Na ce mu je mu nuna masa. Ta girgiza kai.

“La. In ya yi fushi da ni ya rasu a kan haka, ina zan sa kaina? Bari mu duba littafin Sinyora tukuna, akwai irinsa da yawa a ciki.”

Bagdadiyya

Ran Asabar da safe Usman ya ɗauke mu. Daga Sharafiyya zuwa Bagdadiyya ba nisa, sai dai jakunan masu ruwa da motocin alhazai sun cushe hanya, Usman yana ta danna ƙaho yana gaisawa da kowa ta taga. Gidan Sinyora bene ne mai kallon ruwa. Sinyora tsohuwa ce gajera, ta daɗe a Asmara kafin su zo nan, tana jin Larabci, Zainaba tana mayar mini. Ta ba mu gahawa a wani ɗan kofi da bai fi kan babban yatsa ba, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya.

Littafin bai fi tafin hannu biyu ba, gefensa duk ya lanƙwashe. Na kakarta ne, ta ce, shi ma kwafi ne da aka sake bugawa na wani da aka yi a ƙasarsu wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce. Na buɗe da bismilla. Kowane shafi an raba shi gida-gida kamar dara, an cike wasu gidajen da baƙi, sai ga fure, sai ga tsuntsu, sai ga reshen inabi. Can tsakiya na iske shafukan dagi, ƙulli a kan ƙulli, wasu har sun yi kama da na wuyan rigunanmu.

Na ce a tambaye ta ina suka samo waɗannan. Ta yi dariya ta nuna taga, wajen masallaci. Ta ce daga ƙasashen Musulmi fatake suka kai musu a jikin yadi da bangon littattafai, su ma aro suka yi. Wannan ya yi mini daɗi, na gyara zama.

Ta ce kafin a fara buga irin waɗannan, zane yana hannun masu sana'a ne da gidajen masu hali, kowa yana ɓoye nasa. Da maɗaba'a ta zo, sai ga shi a kasuwa. 'Yar attajiri ta saya don a ce ta sami tarbiyya, 'yar talaka ta ara don ta ci abinci da allurarta. Wadda ba ta iya karatu ba ma tana iya ƙirga gidaje. Ta ce na asalin sun yi wuyar samu yanzu, don mata sun cinye su da aiki. A yage shafi, a huda layin da allura, a ɗora a kan yadi, a barbaɗa garin gawayi, zanen ya sauka, a miƙa wa maƙwabciya.

Na ce, “Masu abin ba su yi fushi ba?”

Ta ɗaga kafaɗa. Zainaba ta mayar mini: “Ta ce wataƙila sun yi. Ta ce ba ta san sunan ko ɗayansu ba, amma ga zanen a hannunka.”

Muka bi shafukan dagin ɗaya bayan ɗaya, ni da yatsa, Zainaba da tsinken allura. Akwai masu kyau, akwai masu layi ɗaya ma, amma babu namu. Raina ya ɓaci, sai dai can ƙasan zuciya na ji wani ɗan alfahari, duk fasaharsu ba su kai ga na Kaka ba.

A mota muna komawa, muka wuce shagunan tamis. Sai Zainaba ta ce daga baya, “Halas, shi ke nan. Zan nuna masa. In ya tafi da shi saboda tsorona, wannan ma laifi ne.”

Sharafiyya kuma

Bayan azahar Zainaba ta shiga ɗakin Baffa ta durƙusa gaban gadon, ta shimfiɗa rigar matashin a kan ƙafafunsa, ta faɗi duk abin da ta yi ba ta rage ba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Baffa ya kalli zanen, ya kalle ta, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ya ce, “Na hana ki.”

“Ka hana ni, Abuya.”

“A matashi.”

Ya ture ta ƙasa da hagunsa ya juya bango. Ranar bai karɓi abinci daga hannunta ba, sai Usman ne ya ba shi. Washegari ma haka. Zainaba tana aikinta idanu jajur, ni kuma na rasa inda zan sa kaina, don ni na jawo mata. Na yi niyyar in ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu tun ban buɗe baki ba.

Usman ne ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya wanke rigar matashin, ya shanya ta a tagar ɗakin tsohon, daidai inda idonsa yake sauka. Na ce masa zai ƙara hura wuta. Ya ce, “Ni direba ne, ya Malam. Nan ne rana ta fi bugawa.” Ta bushe tun kafin la'asar, bai ɗauke ba.

Da safe ina karyawa na ji muryar Baffa, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

“Zainabu.”

Ta taho da gudu, ni ma na bi ta. Yana nuna taga da hagu, fuska a murtuke.

“Wa ya ce miki nan hawa ake yi? Tun jiya abin nan yake ci mini ido. Shiga ake yi, a juya hagu, a fito ta ƙarƙashin na uku. Kin raba shi biyu kamar goro.”

Abin da ya kasa faɗa a kan wankakken allo, da ya ga kuskure a gabansa sai ga shi ya fito. Zainaba ta tsaya baki buɗe. Ya ce, “Tsayuwa za ki yi? Kawo alƙalami. Kai kuma zo nan.”

Na zauna a gefen gadon da allo a cinya, alƙalami a hannuna. Ya ce Zainaba ta kama hannuna, don ita ta san hanya. Ta nannaɗe hannunta da gefen mayafi ta ɗora. Sannan ya sa hagu ya ɗago hannunsa na dama, wanda ya mutu, ya aza a kan nata. Yana da nauyi, da sanyi. Ya ce, “Haka aka ba ni. Bismilla.”

Muka tafi. Ita tana ja, ni ina bi, shi yana kallo. Da muka iso tsakiya ya ce, “Shiga,” muka shiga. “Hagu.” Muka juya. Layin ya fito ta inda ban zata ba, ya kama ɓangaren da yatsana ya kasa kaiwa, ya zagaye shi duka, ya dawo ya sadu da ɗigon farko. Ba a ɗaga alƙalami ba. Hawayen Zainaba ya ɗiga a allon.

Baffa ya ce, “Kada ki ɓata mini tawada.” Can kuma ya ce, “Wuyan ƙullinki ya fi nawa tsabta. Je ki kawo mini kunu.”

Kafin mu tafi Makka sai da na zana shi a gabansa har ya daina gyara mini. Zainaba ta warware tsakiyar matashin ta sake ɗinkewa, ta gyara takardarta mai gida-gida a gaban idonsa, bai hana ta ba. Allah ya nufa na sauke farali lafiya. Rigunan nan biyu kuwa a Mina na sayar da su, ga wani alhaji mutumin Kano, wanda ya taya su kamar muna kasuwar Kurmi. Ban ba kowa wannan labari a gida ba sai yau.

Ranar da zan tashi, Baffa ya ce in gaya wa ƙanensa ya yafe masa daɗewar. Zainaba ta sa mini matashin a akwati, da dabino da turare. Usman ya kai ni bakin jirgi yana ta faɗa da masu dako.

Komowa

Damina ta tare mu a Wadai, ƙasar Abashe. Kwaruruwan da muka wuce a bushe sun cika, mota ta yi kwana da kwanaki a bakin kowanne. Duk inda muka tsaya sai in sami tsinke in zana dagin a jiƙaƙƙen yashi, don tsoron kada ya gudu. Fasinjoji suka ɗauka duba nake yi, har wata mata ta kawo mini ƙwai in gaya mata ko mijinta zai dawo. Damuwata ɗaya, Baba ma ba yaro ba ne, ga hanya ta ƙi ƙarewa.

Na shiga Zariya ta Ƙofar Doka da hantsi, dawa ta fara ja a gonaki. Baba yana zaure a kan buzunsa, ya rame amma yana nan. Bayan an gama gaishe-gaishe mutane sun ragu, na isar da saƙon Baffa. Ya share ido da hannun riga. Na ɗauko allo na zana dagin a gabansa, ya jawo tsumman Kaka ya gwada, ya bi layin da yatsa har ya dawo.

Ya ce, “Hannun Yaya Dalhatu ne?”

Na fito da matashin na ajiye, na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ina jiran faɗa. Ya daɗe yana shafa shuɗin zaren.

Ya ce, “Ita an hana ta don mace ce. Ni an hana ni don an riga ni zuwa duniya. Ina laɓe a bayan ƙofar nan ranar da aka koya wa Yaya.” Ya ɗaga murya ya ce a kira mutanen cikin gida, maza da mata, kowa ya zo ya gani. Da suka taru, ya wanke allon da kansa, ya tsoma alƙalami a tawada, ya miƙo mini hannunsa.

“To, Malam Iro. Ɗora.”

Na ɗora hannuna a kan na ubana, muka fara.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Allah ya jiƙan Baffa Dalhatu, wanda ya rasu kafin wani hajjin ya zagayo, ya saka wa Zainaba da Usman da Sinyora, da duk wanda ya ba ni ruwa ko wurin kwana a wannan hanya.